A Ina Malamin Sakandare Zai Koyi Koyarwa?

Duk shugaban makarantar sakandare da ya damu da abin da ke gudana a azuzuwansa, ko ba daɗe ko ba jima sai ya yi karo da wannan tambaya: malamin da aka turo masa riƙe da takardar NCE ko digiri, wa zai ci gaba da koya masa aikin bayan ya kama alli? Amsar da muka saba da ita ita ce bita. Ma'aikatar ilimi ko wata ƙungiyar ba da tallafi ta aiko da takarda, a zaɓi mutum biyu ko uku, su tafi babban birnin jiha su yi 'yan kwanaki, su dawo da jaka da satifiket. Sai dai akwai wata hanyar da wasu shugabanni ke ɗauka. Sukan yanki wani lokaci daga jadawalin mako su ce wannan na malamai ne. Malaman kowane fanni su zauna su shirya darasi guda tare, ɗayansu ya shiga aji ya koyar da shi, sauran su zauna a baya suna kallo, in an tashi a koma ofis a tattauna abin da aka gani. Babu otal, babu alawus, babu baƙo daga Abuja.

A kan wannan hanya ta biyu ake ja-in-ja, kuma masu jayayyar duk 'yan gida ne: malamai, shugabanni da iyayen yara, kowa da abin da ya gani da idonsa. Ni dai zuciyata ta fi karkata ga zaman cikin makaranta. Amma hujjojin masu suka suna da nauyi, har akwai wadda a cikinsu na juya ta ta kowace fuska na ga makaranta ita kaɗai ba za ta iya amsa ta ba.

Masu goyon baya sukan fara ne da bitar kanta. Wanda ya taɓa halarta ya san yadda take. A yi rajista da safe, a raba jaka da biro da littafi, a zauna jiran babban baƙo ya zo ya buɗe taro. Sannan mai gabatarwa ya tsaya gaban mutum ɗari ko fiye, yana haska rubutu a bango da majigi, yana bayanin muhimmancin barin ɗalibai su yi magana su taɓa abu da hannunsu, masu sauraro kuwa ba sa taɓa komai sai biro. Ranar ƙarshe a yi layin sa hannu a takardar alawus. Ranar Litinin malami ya koma makarantarsa ya tarar da yara tamanin a ajin da aka gina don arba'in, wasu a ƙasa, wasu a bakin taga. Zaman rukuni-rukuni a kewaye da tebur da aka nuna masa ba shi da mashiga a wannan ɗaki, kuma babu wanda zai tambaya yadda za a yi. Kafin zango ya ƙare ya koma ga abin da ya sani: ya cika allo da rubutu, ya ce a kwafa.

A takarda, wanda ya je zai dawo ya koya wa waɗanda ba su je ba. A aikace, karatun kwana biyar yakan koma bayanin awa ɗaya a ofishin malamai, in ma an yi. Kuma wa ake turawa? Kowa ya san yadda wani lokaci malamin tarihi kan tafi bitar kimiyya don kawai layinsa ne ya zo na samun ɗan abin sa wa a aljihu. Akwai kuma waɗanda tsarin ya ajiye gefe tun daga tushe, wato malamai mata. Matar aure mai goyo, da ƙyar za ta bar gida ta yi mako guda a wani gari, ko da maigida ya amince. A makarantun 'yan mata, inda aka fi bukatar su, su ne suka fi ƙarancin samun horo. In horon ya zo har cikin makaranta a cikin lokacin aiki, wannan katanga ta rushe.

Ba mu kaɗai ke wannan kuka ba. A 2015 wata ƙungiya a Amurka mai suna TNTP ta bi diddigin manyan gundumomin ilimi uku, ta gano suna kashe kusan dala 18,000 a kan kowane malami a shekara wajen horo, amma malamai uku ne kacal cikin goma aikinsu ya inganta sosai a shekarun da aka duba. A Afirka ta Kudu kuma, a lardin Arewa maso Yamma, an gwada hanyoyi biyu a makarantun firamare masu koyar da karatu da harshen Setswana. Kashi ɗaya na malaman aka riƙa kiransu bita a cibiya, kashi na biyu kuma aka riƙa tura musu ƙwararre yana shiga ajinsu wata-wata yana kallo yana ba da shawara. Dukansu an ba su tsararrun darussa da littattafai iri ɗaya. Bayan shekara biyu, ci gaban da yaran kashi na biyu suka samu ya kai kusan ninki biyu na na farko. Abin da masu goyon baya ke ɗauka daga nan shi ne, koyarwa sana'ar hannu ce, a wurin da ake yin ta ake gyara ta.

Amma hujjarsu mafi ƙarfi a cikin aji take, don haka mu shiga. Aji biyu na ƙaramar sakandare, darasin lissafi. Wani dattijon malami ya rubuta 2x = 10 a allo, ya ce a nemo x. Ya tambaya, yara uku na layin gaba suka ɗaga hannu, ɗaya ya ce biyar. Malam ya ce daidai, a tafa masa. Ya juya ya ce, "Kun gane?" Aji ya amsa da murya ɗaya, "Mun gane." Daga inda yake tsaye, darasi ya yi kyau. Amma malamai biyu masu kallo daga baya suna zagawa suna leƙa littattafai, sai suka ga yara da dama sun rubuta takwas. Ba zato suka yi ba, doka suka bi. An koya musu cewa duk abin da ya tsallaka alamar daidai sai ya canja alama, don haka suka tsallakar da biyu ta koma ragewa, goma a cire biyu saura takwas.

Da aka koma ofis, wata matashiyar malama ta ce, "Allah ya gafarta Malam, na duba layin baya da na tsakiya, waɗanda suka sami takwas sun fi waɗanda suka sami biyar." Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce, "To ai 'ya tsallaka ya canja' ɗin nan, da shi aka koya mana, da shi muke koyarwa." Daga nan magana ta bar kansa ta koma kan dokar. Aka yarda a sake darasin a ɗaya ajin da sikeli: abin da ka yi wa wannan hannun sai ka yi wa wancan, in ka raba nan gida biyu ka raba can gida biyu. Aka kuma tsaya a kan wani abin da ba a cika faɗa a bainar jama'a ba, wato wane wuri a darasin ya kamata malami ya sauka daga Turanci ya yi bayani da Hausa, sannan ya koma. Kowane malami yana yin haka a ɓoye, kowa yadda ya ga dama. A wannan zama ne kaɗai ake iya zama a daidaita shi.

Mai gabatar da bita, komai iliminsa, ba zai ga wannan takwas ɗin ba, domin tana cikin littafin yaron da ke layin baya a wata makaranta da bai taɓa takawa ba. Shi kansa malamin da ke gaban allo ba ya ganinta sai ranar da ya zo makin jarrabawa, lokacin bakin alƙalami ya bushe.

Wannan tsari ba sabon abu ba ne a duniya. Malaman Japan sun haura shekara ɗari suna yin sa, kuma ya yi suna a waje bayan littafin The Teaching Gap na James Stigler da James Hiebert da ya fito a 1999, wanda ya kwatanta darussan lissafi da aka ɗauka a bidiyo a Japan da Jamus da Amurka. Zambiya ta ɗauke shi a 2005 da taimakon hukumar JICA ta Japan, ta fara da malaman kimiyya a Lardin Tsakiya, daga baya ya bazu zuwa dukkan lardunan ƙasar. Shirin ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya da JICA ta fara da Kenya a 1998 ya iso Nijeriya a 2006, aka soma da jihohin Kaduna da Neja da Filato. Masu goyon baya sukan ƙara da wani abu na gida: dokar 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki. In har za a riƙe dattawa a makaranta tsawon wannan lokaci, asara ce matashin da aka ɗauka bana ya yi shekaru yana koyarwa a ajin da ke jikin na gwanin malami, bango ɗaya a tsakaninsu, bai taɓa ganin yadda yake buɗe darasi ba.

To, ga masu suka.

Abin da suke fara ɗagawa shi ne lokaci. Makon makarantarmu gajere ne: Juma'a rabin rana ce, azumi kan rage awoyi, a birane da yawa makaranta ɗaya tana ɗaukar 'yan safe da 'yan yamma, ga yajin aiki, ga ruwan damina da ke korar aji in rufi ya yaye. Manhajar WAEC da NECO kuwa ba ta raguwa. Uba zai ce, ɗana yana aji uku na babbar sakandare, saura 'yan watanni ya zauna jarrabawa, ba a gama manhaja ba, sannan a ce an sallame su da wuri don malamai za su yi taro? Wa zai kula da yara ɗari da aka bari a fili? In aka kawo musu misalin Shanghai ta ƙasar Sin, wadda ta zo ta ɗaya a jarrabawar PISA ta 2009 kuma malamanta suke da irin wannan zama kowane mako, sai su ce a faɗi ragowar labarin: malamin can darasi 10 zuwa 12 yake koyarwa a mako, sauran lokacin na shiri ne da maki da tattaunawa. Namu yana iya ninka wannan har ya ɗora, ga littattafai ɗaruruwa suna jiran jan biro.

Sai batun aljihu. Mutane kan yi wa malamai gori a kan son alawus ɗin bita, amma wanda albashinsa ke ƙarewa kafin wata ya raba, wannan ɗan kuɗin buhun masara ne. Yammacin malami ma ba nasa ba ne: wani gona zai tafi, wani shago, wani ya ɗauki Keke Napep, wani ya bi gidaje yana lesin. Malama kuma girki da yara suna jiranta. In aka ce a tsaya bayan tashi a yi zaman ƙara wa juna sani ba ko sisi, an ɗora wa mai kaya kaya ne, kuma an karɓe masa ɗan abin da yake samu a bita da sunan gyara. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma duk shugaban da ya yi kunnen uwar shegu da shi zai tarar da kujeru babu kowa a zama na uku.

Hujja ta gaba ta fi waɗannan zafi. Suka ce, in mutum huɗu suka zauna a tebur babu wanda ya san kemistirin a cikinsu, me za su koya wa juna? A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai kashi 75 cikin ɗari ba. An yi ta gardama a kan yadda aka shirya jarrabawar da wanda ke da hurumin yin ta, ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a farkon 2018, amma ko waɗanda suka yi tir da korar malaman da suka faɗi ba su musa cewa akwai raunin sani ba. Kwalejojin da suka yaye waɗannan malamai su ne ke yaye na ƙaramar sakandare. Shi kansa gwajin Afirka ta Kudu da ake kafa hujja da shi, ƙwararre aka turo daga waje, ba abokan aiki aka bar wa juna ba. Masu wannan ra'ayi sukan waiwayi tarihi. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda daga baya ta zama Barewa, an gina ta ne don a ɗauke matashi daga garinsu a yi shekaru ana gasa shi kafin a ba shi aji. Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano suna koyarwa a Bauchi aka tura su Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan a tsakiyar shekarun 1940, suka dawo da idon da zaman ofishin malamai ba zai ba su ba. Makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da Kano ta buɗe a 1977 sun cika asibitoci da ma'aikatu da likitoci da injiniyoyi, kuma abin da aka zuba musu shi ne zaɓaɓɓun malamai, ɗakunan gwaje-gwaje da hukuma tasu ta kansu. Ku ba mu irin wannan, in ji su, ku bar mu da taro.

Sannan suka kawo kunya da girma. A wurinmu yaro ba ya gyara wa babba a gaban mutane. Malamin da ya koyar da kai kana gajeren wando, yau kuna ofis ɗaya, da wane baki za ka ce masa darasinsa bai shiga ba? Abin da zai faru, in ji su, kowa zai ce "Ma sha Allah, Malam ya yi ƙoƙari," a yi addu'a a tashi. Ko kuma a sami mai neman suna ya ci fuskar dattijo, a bar ofis da gaba.

A ƙarƙashin kunyar kuma akwai tsoro. Malaminmu bai saba ganin babba a bayan ajinsa ba sai sufeto, kuma zuwan sufeto bai cika ƙarewa da alheri ba: takardar tuhuma, canjin wurin aiki zuwa ƙauye, tsayar da ƙarin girma. Bayan abin da ya faru a Kaduna, duk wanda aka ce za a shigo a ga yadda yake koyarwa zai fara tunanin abincin 'ya'yansa. Mai tsoro kuwa ba ya nuna rauninsa. Zai zaɓi darasin da ya fi iyawa, ya koya wa yara amsoshi tun jiya, ya shirya wasan kwaikwayo. A kalla, a yaba, ba wanda ya ƙaru.

Da na ɗora waɗannan a ma'auni, batun kunya ne na ga ya fi sauƙi, duk da shi aka fi yawan faɗa. Mu ne fa mutanen da a wajen tafsirin azumi babban malami zai yi tuntuɓe a aya, alaramma mai ja masa baƙi, wanda sau da yawa sa'an ɗansa ne, ya ɗora shi a gaban dubban jama'a, malam ya karɓa ya wuce, girmansa bai ragu da ƙwayar zarra ba. Abin da ya sa gyaran ba ya zafi a can shi ne idon kowa yana kan karatun, ba a kan mutumin ba. Haka zaman malamai yake in an tsara shi daidai. Darasin tare aka shirya shi, don haka in ya faɗi na kowa ne ya faɗi. Masu kallo kuma littattafan yara aka ce su duba, su kawo abin da suka gani. Malamar nan ba ta ce wa dattijo bai iya ba, ta ce ta ga takwas. Hausa ba ta rasa lafazin da ƙarami zai faɗa wa babba gaskiya cikin ladabi ba.

Tsoro kuwa ba a kawar da shi da lafazi. Sai an gina katanga tsakanin zaman koyo da fayil ɗin ma'aikaci, kowa ya ga katangar. Kada a ba da maki, kada a rubuta sunan wanda ya koyar a rahoton da zai fita daga makaranta, kada abin da aka gani ya biyo mutum ranar cike takardar ƙarin girma. Kuma shugaban makaranta, ko mataimakinsa mai kula da karatu, shi ya kamata ya fara ɗaukar alli a zauna a bayansa. In Firinsifal ya koyar aka ce masa, "Ranka ya daɗe, yaran gefen taga ba su bi ka ba," ya ce a sake shiri, to ranar ce malamai za su yarda abin na gaske ne. Shugaban da ba zai iya wannan ba, gara ya bar tsarin, domin a hannunsa sufetanci zai zama.

Lokaci da aljihu amsarsu ɗaya ce: zaman ya kasance cikin awoyin aiki, a rubuce a jadawali kamar kowane darasi. Ba sai an sallami makaranta duka ba. Mai tsara jadawali yana iya daidaita shi yadda malaman lissafi za su sami sarari a lokaci guda ranar Talata, na Turanci ranar Laraba, yara suna tare da malaman wasu fannoni. Aiki ne mai cin rai, amma ana yi. Uban da ke tsoron manhaja kuma ina ganin damuwarsa, sai dai gama manhaja a allo daban, shigarta kan yaro daban. Yaron da ya bar aji biyu da takwas a kansa zai ɗauke ta har ɗakin WAEC, kuma a can ne ake fara neman mai shigo da amsa. Ya rage ga hukumar TRCN, wadda dokar 1993 ta ɗora wa rajistar malamai da kula da ci gaban sana'arsu, da ma'aikatun jihohi, su ƙirga waɗannan awoyi kamar yadda suke ƙirga satifiket ɗin bita. Muddin takardar otal ce kaɗai ke tasiri a ƙarin girma, malami yana da hujja in ya fifita ta.

Inda na tsaya cak shi ne batun sani. A nan masu suka sun fi gaskiya, kuma masu goyon baya sukan yi saurin wucewa. Zaman cikin makaranta yana gyara yadda ake koyarwa, amma ba ya ƙirƙiro ilimin da babu shi a ɗakin. Japan ɗin ma da ake misali da ita, sukan gayyato masani daga jami'a ko ofishin ilimi ya kalli darasin ya yi jawabin ƙarshe. Mu ma muna da inda za mu nemo: kwalejojin ilimi na Gumel da Maru da Dutsin-Ma da Azare da sauransu kowace shekara suna tura ɗalibansu koyarwar gwaji, malamansu suna biyo su makarantu don dubawa. Wanda ya riga ya zo har ƙofa, me zai hana a roƙe shi awa ɗaya ya zauna da malaman fanninsa? Ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna tun 1976, ga ƙungiyar malaman kimiyya ta STAN tun 1957. Wanda rauninsa a fannin yake, a tura shi kwas na gaske, na watanni, a lokacin hutu, a biya masa. Irin wannan fita ba ta da madadi, kuma ita ce ya kamata kuɗin bitar kwana uku su koma.

Akwai kuma haɗarin da ke zuwa daga masoya. A 2018 Matthew Kraft da abokan aikinsa sun tattara bincike 60 a kan horar da malami a cikin ajinsa, suka ga yana da amfani sosai, amma amfanin yana raguwa yayin da shirin ke faɗaɗa. Ina iya hango yadda za a yi a nan: ma'aikata ta ji labari, ta fitar da sanarwa cewa kowace makaranta dole ta yi zama kowane mako, ta buga fom mai shafi huɗu. Kafin shekara, fom ya cika da sa hannu, ba wanda ya shiga ajin wani. Shi ya sa nake ganin abin na makaranta ne, ta fara da fanni ɗaya da malaman da suka yarda, sauran su gani su nema. Aikin ma'aikata ta ba da izinin taɓa jadawali, ta kuma daina ɗauke shugaba daga makaranta da zarar abin da ya shuka ya fara tsiro.

Saura malamin fizis guda ɗaya tilo a makarantar ƙauye, wanda shi ne kuma ke riƙe da lissafin aji uku, abokin aikinsa ɗan bautar ƙasa ne da zai tafi kafin shekara ta zagayo. Da wa zai zauna? Ana iya haɗa makarantu huɗu ko biyar na kusa su riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata, amma wannan yana bukatar kuɗin man babur da hanya mai lafiya, kuma a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato akwai garuruwan da malami ba zai kama hanyarsu da yamma ba saboda 'yan bindiga. Wasu sun koma tura wa juna hoton allo da tambayoyi ta WhatsApp, yana rage zafi, amma ba ya nuna littafin yaron layin baya. Ga wannan malami, duk dabarar da shugabansa zai yi ba ta wuce bangon makaranta ba. Abin da yake bukata malami na biyu ne a fanninsa, kuma hukumar da ke ɗaukar malamai aiki ce kaɗai za ta iya turo shi.